Kuɗin Wuri da Sarakunan Teku

Ni ɗan Damari ne, can ƙasar Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, kuma sai da na haura shekara ashirin a duniya kafin na ga teku da idona. Babban ruwan da muka sani muna yara shi ne rafi idan ya kawo da damina, shi ma kwana biyu ya janye. Tsakaninmu da gaɓar teku ta Ikko akwai tazarar sama da kilomita 600. Amma duk da wannan nisa, tun ina ɗan yaro na riƙa wasa da abin da ya fito daga ƙarƙashin teku, a ɗakin kakata, ba tare da na sani ba.

Kakar tawa, Allah Ya ji ƙanta, tana da wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gadonta, cike da wuri. Wata rana ta kama ni na ɗebo ina jerawa a ƙasa, sai ta ce, "Kai maigidan, mayar mini da dukiyata. Da a zamanin uwata ne, abin da ka watsar ɗin nan ya ishe ka cin ƙosai har ka ture." Na ce, "Iya, wannan ɗin ne kuɗi?" Ta ce ai shi ne kuɗi na asali, uwarta ce ta tara shi da kaɗin zare, ana nan sai Nasara ya zo ya ce ba kuɗi ba ne, shi ke nan ya zama tarkace. Na tambaye ta inda ake samo shi, ta ce ita dai ta ji ana cewa daga Nufe fatake ke kawowa. Iyakar saninta ke nan.

Wannan tambaya ta daɗe tana cina. Da na girma na bi diddiginta a littattafan tarihi, sai na tarar amsar ta wuce Nufe nesa. Labarin wuri labari ne na waɗanda suka mallaki teku, da yadda suka haɗa jirgin fatauci da jirgin yaƙi suka riƙa juya kasuwannin mutanen da ko sunansu ba su sani ba. Shi nake so mu ɗan tattauna a yau.

Mu fara da kalmar kanta. Mai karatu, ka san "kuɗi" jam'in "wuri" ne? Wato duk ranar da ka ce ba ka da kuɗi, sunan wata 'yar halittar teku ka ambata. Kakanninmu suna da lissafinsu a kai: zambar ita ce dubu, keso kuwa wuri 20,000 ne a ɗinke cikin tabarma, kayan mutum guda. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ta kudu ya biyo, ta hannun Nufawa da Yarabawa, kamar yadda Iya ta ji. Ƙasarmu kuwa ba a gefe take ba a wannan harka. Birnin Gwari, maƙwabtanmu, tana kan hanyar fataken da ke tasowa daga Nufe da Yawuri zuwa Zariya da Kano, ga kuma tsohon garin 'Yandoto na malamai da 'yan kasuwa kusa da Tsafe, ba nisa da Faskari.

Asalin wurin nan daga tsibiran Maldif yake, a tsakiyar Tekun Indiya. Mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne, a janyo a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, ɓawon ya rage fari tas. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ga farkon hanyar da ƙarshenta da idonsa. Ya zauna a Maldif wajen 1343, inda ya tarar ana ba da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya. Bayan kamar shekara goma ya zo ƙasar Mali, ya tarar wuri 1,150 kacal ake bayarwa a kan dinarin. Dubi wannan rata. Duk wanda ya iya ɗauko kayan nan daga can ya kawo nan, ya kuma hana wani ɗaukowa, ya gama samun duniya. Hana wani ɗin nan shi ne aikin jirgin yaƙi, kuma dabara ce da ta girmi wuri a ƙasar Hausa da shekara dubu biyu.

Mu koma Bahar Rum mu ga inda aka faro ta. Finikiyawa, mutanen gaɓar ƙasar Labanan ta yau, fatake ne na ruwa, suka kafa birnin Kartaj a inda Tunisiya take yanzu. Kartaj ta bunƙasa har ta riƙe yammacin tekun. Masanin tarihi Bagirke, Polibiyus, ya kawo wata yarjejeniya da ta ƙulla da Rumawa wajen shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An shata wa jiragen Rum iyakar da ba za su wuce ba. Idan guguwa ko abokan gaba suka tilasta wa jirgi ya ƙetare, ba zai sayi komai ba sai abin gyara da na hadaya, kuma cikin kwana biyar ya fice. Takarda ce kawai, amma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne jiragen yaƙin da ke tsaye a bayanta.

Sai mutanen Atina a ƙasar Girka. A shekara ta 483 kafin haihuwar Annabi Isa suka dace da wata jijiyar azurfa a ma'adinan Lauriyon. Ra'ayin jama'a shi ne a raba, kowa ya karɓi rabonsa ya sa aljihu. Wani shugabansu mai hangen nesa, Temistokilis, ya lallashe su a sassaƙa jiragen yaƙi da kuɗin, har guda 200 a faɗar Hirodotus, kowane jirgi da masu tuƙi 170 a jere hawa uku. Bayan shekara uku, a 480, da waɗannan jirage suka karya rundunar ruwan Farisa a mashigin Salamis. To, daga nan fa sai ido ya buɗe. Atina ta haɗa ƙawancen garuruwa da tsibirai da sunan tsaron kai, kowa na zuba gudummawa, a hankali gudummawar ta rikiɗe ta zama haraji. Tsibirin da ya ce zai fita, irin su Naksos da Tasos, sai ya wayi gari jirage sun kewaye shi. A 454 suka ɗauke baitulmalin ƙawancen daga tsibirin Delos suka kai gida. A 410 suka kafa shinge a mashigin Bosforus, inda Istanbul take a yau, suna karɓar ushiri a kan duk jirgin da ya fito daga Baƙin Teku.

Sai dai gaba da gabanta. Atina ba ta noma abin da zai ciyar da ita, da alkamar da ke zuwa ta wannan mashigi take rayuwa. A 405 mutanen Sparta suka murƙushe jiragenta, suka datse hanyar alkama. Ganuwar birnin na nan a tsaye ba wanda ya fasa ta, amma shekara na zagayowa yunwa ta buɗe ƙofa.

Rumawa kuwa manoma ne da sojan ƙasa, ba su san ruwa ba. Da yaƙi ya haɗa su da Kartaj a 264, sai suka tsinci wani jirgin Kartaj da ya kafe a gaɓa, suka kwaikwayi ƙirarsa, suka zaunar da mutane a kan benci a tudu suna koyon tuƙi kafin a gama sassaƙa. A 260 suka ci nasarar farko a ruwa, a 241 suka gama da rundunar Kartaj, a 146 suka rushe birnin baki ɗaya. Amma abin da ya fi jan hankalina a tarihinsu shi ne abin da ya biyo baya. Da suka ga ba sauran abokin karawa, sai suka yi sakaci da tsaron teku, 'yan fashin ruwa suka cika shi. Suna tare jirage, suna kama mutane sai an biya fansa. Har Yuliyus Kaisar sun taɓa kamawa yana saurayi. Hatsi ya yi tsada a birnin Rum, talaka ya fara kuka. A shekara ta 67 aka ɗora wa Pompi aikin. Ya raba tekun gida 13, kowane yanki da kwamandansa da jiragensa, ta yadda ɗan fashi in ya gudu daga nan zai faɗa hannun na can. Cikin wata uku ya gama. Waɗanda suka miƙa wuya kuma bai karkashe su ba, ya zaunar da su a garuruwa ya ba su ƙasar noma. Ka riƙe wannan labari, mai karatu, za mu dawo kansa.

Musulmi ma sun shiga wannan makaranta. Sayyidina Umar bai yarda a kai mayaƙa cikin teku ba, sai a zamanin Sayyidina Usman gwamnan Sham, Mu'awiya, ya sami izinin kafa rundunar ruwa. A 649 Miladiyya suka isa tsibirin Ƙubrus, wajen 655 kuma suka karya jiragen Rumawan Gabas a yaƙin Zatus Sawari. Daga baya fataucin Bahar Maliya da Tekun Indiya ya daɗe a hannun Larabawa da Farisawa da Indiyawa. Ta hannunsu wurin farko ya biyo Masar da Arewacin Afirka, ya hau raƙumi ya ratso Sahara zuwa Mali, inda Ibn Baɗuɗa ya gan shi. Raƙumi kuwa komai ƙarfinsa kayansa ƙayyadadde ne, shi ya sa wuri ya yi daraja a wancan zamani.

Turawan Fotugal ne suka sauya lissafin. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana ta yau. A 1498 Basko da Gama ya zagaye ƙarshen Afirka ya isa Indiya. Sun tarar da teku a buɗe, kowa na cinikinsa, su kuma ba su da hajar da ta fi ta kowa. Abin da suke da shi igwa ce a kan jirgi. Sai suka yi irin ta Kartaj da Atina. Suka karya haɗakar jiragen Masar da Gujarat a Diyu a 1509, suka kama Gowa a 1510, Malaka a 1511, Hurmuz a 1515, wato ƙofofin tekun ke nan. Suka fito da wata takardar izini da ake kira kartaz: duk jirgin da aka kama ba shi da ita, an halatta kayansa. Mutum da jirginsa, da kayansa, a tekun kakanninsa, sai ya sayi izinin wucewa daga baƙo.

A wannan zamani ne wuri ya sauka daga kan raƙumi ya shiga jirgi. Jirgin ruwa mai tafiya da iska na bukatar kaya mai nauyi a gindinsa don kada ya kife, maimakon yashi ko duwatsu sai a zuba wuri, wanda ba ya ruɓewa, ba ya karyewa. Daga baya Turawan Holan da na Ingila suka ƙwace harkar, wuri ya riƙa bi ta Silon da Bengal zuwa Amsterdam da Landan, a sake loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Masana biyu, Jan Hogendorn da Marion Johnson, da suka yi littafi a kan wannan ciniki a 1986, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai an kawo wuri wajen biliyan 10. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: babban abin da aka saya da wannan wuri bayi ne. Jirgin da ya sauke wuri a gaɓa, mutane ya ɗauka ya ƙetara da su Amurka, kuma a cikinsu akwai Hausawa, waɗanda tarihin birnin Bahiya na Barazil ya san da zamansu. Saboda haka ba banza ba wuri ya malalo ƙasar Hausa a zamanin Sharefa, daidai lokacin da jiragen Turawa ke juye shi a gaɓa. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada mai karatu ya ɗauka mu nan ba mu san wannan dabara ta riƙe hanyar ruwa ba. Sarkin Songhai Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jirage a Kogin Kwara ya gina daularsa. Da su ya yi wa Jenne ƙawanya har ta faɗi, ya haɗa ta da Tambutu da Gawo a hannu ɗaya, gishirin da ke gangarowa da zinariyar da ke haurawa duk suka koma bi ta ƙarƙashin idonsa. Songhai har sarauta gare su ta shugaban jirage, Hi-koi. A Nufe akwai Kedawa, ma'abota kwale-kwale, da sarkinsu Kuta a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. Madugun da ya taso da ayarinsa daga Katsina ko Kano zai tafi Gwanja sayen goro ya san komai yawan jakunansa, in ya iso bakin Kwara sai ya sauke girman kai ya biya kuɗin fito. Can arewa kuma, a tekun rairayi, ayarin da bai shirya da Buzaye masu riƙe da rijiyoyi ba, bai isa Gadamas ko Tarabulus ba. Hikimar dai guda ce, ko a Bosforus ko a Muregi: ka tsaya a inda kowa zai bi.

Bambancin shi ne, namu sun riƙe kogi da hamada, amma bakin kogin yana hannun wasu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fahimci haka. Da Baturen Ingila Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya tattauna da shi kan buɗe ciniki ta hanyar teku, har ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu wasiƙa yana neman a aiko da wakili da likita. Abin bai tabbata ba. Kilafaton ya dawo a 1826, ya biyo ta Birnin Gwari, ya rasu a Sakkwato a 1827. Yaronsa Landa ne ya bi Kwara a kwale-kwale a 1830 har ya ga inda ta faɗa teku. Daga ranar nan ƙofar ƙasarmu ta kudu ta buɗe ga jirgi mai hayaƙi.

Abin da ya biyo baya kamar an kwafo shi daga littafin Fotugal. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan igwa, a 1861 suka haɗiye ta. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Joji Goldi, wato Royal Niger Company, takardar ikon mulkin Kwara. Kamfanin ya sa kuɗin lasisi da harajin da ya kori kowa daga kogin, har mutanen Nembe da suka gāji ciniki a wurin tun kaka da kakanni. Da yunwa ta ishe su suka far wa hedikwatar kamfanin a Akasa a 1895, sai jiragen yaƙi suka zo suka ƙone garinsu. A 1897 aka juyo kan Bida. Kafin a harba igwa ko ɗaya a bakin ganuwa, jiragen kamfani sun riga sun tsare kogin, sun raba rundunar Nufe biyu, wadda ke ƙetare ta kasa dawowa ta ceci gida. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja, a 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi. Mukan ba da labarin zuwan Turawa kamar yaƙin dawaki da bindiga mai ruwa ne kawai. Amma bindigar da harsashinta a jirgi suka zo, kuma yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Burasal a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Mai riƙe da teku shi ya zaɓi wanda zai sami makami.

Wurin Iya fa, me ya same shi a wannan tsakani? Tun wajen 1845 'yan kasuwar Hambog na Jamus suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jido shi jirgi-jirgi suna juyewa a Afirka ta Yamma. Kuɗi ya yi yawa, darajarsa ta zube. Lokacin da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Kafin ƙarnin ya ƙare farashin ya ninka. Wani Bature mai suna Robinson da ya ratsa ƙasar Hausa wajen 1894 ya ba da labarin yadda dokinsu ya yi rashin lafiya, suka so sayarwa, sai suka lissafa cewa ɗaukar kuɗin kaɗai zai ci 'yan dako 15, ladansu kuma zai cinye kuɗin kafin a je ko'ina. Ka ga tsohuwar da ke kaɗi a Damari tana tara wuri a tukunya, dukiyarta na narkewa saboda shawarar da wasu suka yanke a Hambog. Ƙarshe a 1904 aka hana shigo da wuri, Turawan mulki suka nace a biya haraji da kuɗinsu, anini da kobo da sule suka maye gurbi. Masu teku ne suka kawo shi, su ne kuma suka kashe shi.

Hanyoyin ma haka suka bi. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ɗan gidan fataken goro ne, amma yana cikin na farko da suka gane cewa zamanin jaki zuwa Gwanja ya wuce. Ya riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A 1911 layin dogo ya iso Kano, ayarin Tarabulus ya mutu a tsaye. A 1929 aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Dogon nan igiya ce da aka ɗauro mu da ita zuwa tashar jiragen ruwa. Audugar da iyayenmu suka noma a Damari da Sabuwa da Faskari, a Funtuwa ake gurje ta, ta gangara Ikko, ta ƙetara masaƙun Ingila, kuma can ake yanke farashin da za a biya manomi a nan.

Har gobe ba mu fita daga wannan igiya ba. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya dagula zirga-zirgar jirage a Baƙin Teku, wancan dai da Atina ta kafa wa shinge, manomin masara a ƙasarmu ya ji a jikinsa wajen sayen buhun taki. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka rufe iyakoki, kayan ƙasar suka maƙale a tashar Kwatano, 'yan'uwanmu na Maraɗi suka ɗanɗana abin da ake nufi da ƙasar da ba ta da gaɓar teku.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana kusa da gida. Mu tekunmu ita ce hanya: ta Sabuwa zuwa Dandume da Funtuwa, ta Ƙanƙara zuwa Sheme, da 'yan hanyoyin da ke kai mutum gona. A shekarun nan mun ga abin da ke faruwa idan hanya ta kuɓuce daga hannun hukuma. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Faskari da Sabuwa, aka kuma katse layukan waya. Mun ga ƙauyukan da sai sun biya kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe. Da na karanta labarin kartaz na Fotugal, wallahi ban ji shi baƙo ba. Mutum da gonarsa ta gado, sai ya sayi izinin shiga daga mai bindiga.

Shi ya sa na ce a riƙe labarin Pompi. Ban ce Rum ita ce Katsina ba, kuma daji ba teku ba ne. Amma abubuwa uku da ya yi sun cancanci a duba. Ya ɗauki tsaron hanya a matsayin maganar abinci, domin tsadar hatsi ce ta sa aka naɗa shi. Ya tsare ko'ina a lokaci guda, bai kori ɓarawo daga wannan yanki ya bar masa na maƙwabta ba, mu kuwa dajinmu ya haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna, kowace jiha da nata tsarin. Sannan ya yi tanadin abin da wanda ya ajiye makami zai ci gobe. Haka kuma labarin azurfar Atina na da abin cewa ga duk al'ummar da ta sami dukiyar ƙasa, aka tsaya gardamar a raba ne ko a gina abin da zai tsare kowa.

Tukunyar Iya ta fashe tuntuni, amma na tsira da wuri bakwai daga ciki, suna nan a cikin wani ƙoƙo a kan kantar littattafaina. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta ɗauko ɗaya ta ce, "Baba, wannan mene ne?" Na ce mata kuɗin kakannin kakanninta ne, daga wani tsibiri ya taso, ya zagaye Afirka a gindin jirgi, ya hau kan ɗan dako daga Nufe har Damari. Ta juya shi ta ce, "To yanzu me zai saya?" Na ce ko alewa.

Ruwan da ke sauka a tudun ƙasarmu ma ba ya zama. Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya faro, ya je ya haɗu da Rima, ya shiga Kwara, ya wuce Muregi da Lakwaja ya faɗa teku. Hanyar da wuri ya hauro ke nan, ita ce kuma auduga ta gangara. Ya kamata yaranmu su san wannan tarihi tun suna makaranta, domin su riƙa tambayar wa ke riƙe da hanyar da abincinsu da kuɗinsu ke bi.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana hanyoyinmu. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.